Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Tsammanin Ɗalibin Likitanci da Abin da Yake Tararwa a Shekararsa ta Farko

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa babu wani fanni na karatun boko da ake yi wa kallon girma kamar likitanci. Ranar da yaro ya sami gurbi a tsangayar koyon likitanci, daga ranar ne dangi da maƙwabta suke sauya masa suna, ya koma "likita" ko "dakta", tun bai taɓa riƙe allura ba. Shi kansa yakan shiga makarantar da wata siffa a zuciyarsa, watau farar riga, da abin awon ƙirji rataye a wuya, da majinyaci a gabansa yana jiran taimako. Abin da yake tararwa kuwa ya sha bamban da wannan siffa ƙwarai.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana tazarar da ke tsakanin tsammanin ɗalibi da abin da yake gani da idonsa, da kuma dalilan da suka haifar da ita. Za a nuna cewa mafi yawan tazarar ta harshe ce da al'ada, domin a wannan shekara ana koya wa ɗalibi sabon harshe na ambaton jikin ɗan Adam, da sabuwar ɗabi'a ta tunkarar gawa da tsiraici, tun kafin a nuna masa majinyaci ko ɗaya. Duk inda aka ce ɗalibi a nan, ana nufin namiji da mace.

Ya kamata a fayyace shekarar da ake magana a kanta. A jami'o'in Nijeriya karatun likitanci shekara 6 ne. A shekarar shiga ana karanta kimiyyar share fage, kamar kemistiri da bayoloji da fizik, tare da ɗaliban wasu fannoni. Shekarar da ke biye da ita, wadda ake kira aji 200, ita ce farkon horon likitanci na haƙiƙa, kuma ita ce ake nufi da shekarar farko a wannan maƙala.

2.0 Tushen Tsammani

Tsammanin ɗalibi yana da tushe biyu. Na farko shi ne abin da ya gani a asibiti tun yana yaro. Ya ga likita yana tambaya, yana dubawa, yana rubuta magani, amma bai ga shekarun da suka gabaci wannan zama ba. Wanda ya ga gini ya tsaya ba kasafai yake tuna harsashin da ke binne a ƙasa ba.

Tushe na biyu ya fi zurfi, shi ne yadda Bahaushe ya san ana koyon sana'ar magani. Ɗan wanzami yana ɗaukar zabira ya bi ubansa tun yana ƙarami, ya ga yadda ake kafa ƙaho, da yadda ake cire beli, da yadda ake kaciya. Ɗan maɗori yana riƙe ƙafar mai karaya yayin da ake ɗaura karare. 'Yar unguwarzoma tana ɗora ruwan zafi tana sauraron naƙuda. A duk waɗannan sana'o'i mai koyo da majinyaci suna haɗuwa tun ranar farko, sani kuma yana biyo bayan aiki. Ko da ɗalibi bai fito daga gidan da ake irin wannan sana'a ba, wannan ita ce siffar koyon magani da al'adarsa ta shimfiɗa masa, watau a gani, a taɓa, sa'an nan a sani.

Ga kuma nauyin da dangi suke ɗorawa. Likitoci 'yan ƙasa ba su daɗe da samuwa a Arewa ba. Dakta R. A. B. Dikko, wanda aka sani da likita na farko daga Arewacin Nijeriya, sai da ya tafi Jami'ar Birmingham a Ingila ya yi karatunsa. An buɗe makarantar likitanci ta Yaba a 1930, ta Ibadan kuma a 1948, amma sai a 1967 aka kafa tsangayar likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Saboda haka a gidaje da yawa ɗalibin shi ne na farko a zuriyarsu da ya taka wannan hanya, babu wani yaya ko kawu da zai gaya masa abin da ke gaba. Idan ya zo hutun farko, gwaggo za ta kawo masa ciwon gwiwa, maƙwabci ya kawo takardar awon jini, alhali shi abin da ya sani bai wuce sunayen ƙasusuwan hannu ba.

3.0 Tsarin da Ya Tarar

Tsarin karatun likitanci na zamani ya juya tsarin gargajiya ne, ya sa sani a gaba, aiki a baya. An raba karatun gida biyu. Kashi na farko na kimiyyar jikin mai lafiya ne, ana yinsa a aji da ɗakin gwaje-gwaje. Kashi na biyu na cuta ne da jinya, ana yinsa a asibitin koyarwa. Wannan rabo ya daɗe a jami'o'in Turai, ya kuma ƙara kafuwa bayan rahoton da Abraham Flexner ya rubuta a 1910 a kan makarantun likitanci na Amurka da Kanada, inda ya nace cewa sai an kafa karatun a kan kimiyya kafin a saki ɗalibi ga majinyata. Makarantun Nijeriya sun gaji tsarin ta hannun Ingila.

Darussa uku ne suka mamaye kashi na farko. Akwai anatomi, watau ilmin ƙirar jiki da sassansa. Akwai fisiyoloji, watau ilmin yadda sassan suke aiki, kamar bugun zuciya da numfashi da tace fitsari. Akwai kuma bayokemistiri, watau ilmin sinadaran da ke sarrafuwa a cikin jiki. Hujjar wannan tsari a fili take: wanda bai san yadda lafiyayyar ƙoda take aiki ba, ba zai gane ɓacinta ba. Amma ga ɗalibin da ya zo da ƙishirwar warkar da mutane, wannan yana nufin zai yi kusan shekara biyu majinyacinsa shi ne littafi, da kwalbar gwaji, da gawa.

4.0 Sabon Harshe

Abu na farko da ke girgiza ɗalibi shi ne yawan baƙin kalmomi. Ya zo yana ganin ya iya Ingilishi, sai ya tarar harshen anatomi galibinsa Latin ne da Girkanci. An fara daidaita waɗannan sunaye a birnin Basel a 1895, kundin da aka fitar a 1998 kuwa ya ƙunshi sunaye kimanin 7,500. Ƙasusuwan baligi 206 ne, kowanne da sunansa, da sunan kowane tudu da rami da ke jikinsa. Tsokoki sun haura 600, ana kuma son a san inda kowace ta faro, da inda ta ƙare, da jijiyar da ke motsa ta. Ɗalibin da Hausa ce harshensa na gida yana hawa tsani mai hawa uku ke nan, daga Hausa zuwa Ingilishi, daga Ingilishi zuwa Latin. Takwaransa da ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai yana hawa irin wannan tsani ta hanyar Faransanci.

Wahalar ba ta tsaya ga yawan kalmomi ba, domin harsunan ba su yanka jiki a gaɓoɓi iri ɗaya ba. Alal misali, kalmar "jijiya" ita kaɗai ta ƙunshi abubuwa biyar da littafin anatomi ya rarrabe: wadda ke ɗauke jini daga zuciya, da wadda ke mayar da shi, da wadda ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki, da wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi, da wadda ke ɗaure ƙashi da ƙashi. "Hannu" ya kama tun daga kafaɗa har yatsu, "ƙafa" kuma tun daga cinya har tafi. "Ciki" yana iya zama tumbi, ko dukan kogon da hanji da hanta da saifa suke, ko juna biyu. "Zuciya" kuwa tsoka ce a aji, amma a gida ita ce mazaunin fushi da haƙuri da ƙarfin hali.

Daga nan ne ɗalibi yakan yi saurin yanke hukunci cewa Hausa ba ta da kalmomi. Wannan kuskure ne. Mahauci ya san hanta da huhu da saifa da ƙoda da matsarmama da mafitsara da tumbi da ɓargo da laka da guringuntsi da agara, yana kuma iya nuna kowanne da wuƙarsa. Har ila yau akwai fagen da Hausa take da wadata sosai, shi ne siffanta ciwo. Mai zogi daban, mai raɗaɗi daban, haka mai suka, da mai murɗa, da mai ƙuna, da kan da ke sarawa, da jikin da ya yi tsami. Irin wannan rarrabewa ita ce likita yake nema idan yana tambayar majinyaci, domin yanayin ciwo yana daga cikin abubuwan da ke nuna asalinsa.

Daɗin daɗawa, sunayen Latin ɗin da suke tsorata ɗalibi, da yawansu kwatance ne irin wanda Bahaushe yake yi. Kalmar patella tana nufin ɗan faranti, Bahaushe kuwa ya ce ƙoƙon gwiwa, duka biyu daga kayan abinci aka aro su. Clavicula ɗan mabuɗi ne, tibia sarewa ce, cochlea dodon-koɗi ne, musculus kuma ɗan ɓera ne, saboda yadda tsoka take motsi ƙarƙashin fata. Ba su da bambanci da allon kafaɗa, ko ƙoƙon kai, ko idon sawu, ko hakin wuya. Ɗalibin da aka buɗe wa wannan ƙofa yana ganin hoto a cikin kalma, wanda ba a buɗe wa ba kuwa sai hadda, kamar mai tilawar abin da bai san fassararsa ba.

5.0 Gawa da Kunya

Abu na biyu shi ne ɗakin fiɗa. Tun bayan littafin da Andreas Vesalius ya buga a 1543, koyon ƙirar jiki ta hanyar buɗe gawa ya zama ginshiƙin karatun likitanci. A Nijeriya dokar anatomi ta 1933 ce ta ba da izinin yin haka a makarantun da aka amince da su, galibin gawarwakin kuwa na waɗanda ba a sami danginsu ba ne. Ana adana su da sinadarin fomalin, mai warin da ke sa hawaye yana kama tufafi. Akan raba ɗalibai ƙungiya-ƙungiya, kowace da teburinta, su yi watanni suna bin jiki ɗaya sashe-sashe.

Don a gane nauyin wannan rana ga ɗan Hausa, sai a tuna yadda al'adarsa take ɗaukar mamaci. Ana gaggauta wanka da likkafani da salla da binnewa, sau da yawa a yinin da aka yi rasuwar. Masu wanka kaɗai ne suke ganin jikin, su ma da sutura a kan al'aura. Mata ba su zuwa maƙabarta. Addinin Musulunci ya koyar da cewa alfarmar ɗan Adam ba ta gushewa da mutuwarsa. Bayan wannan ga tatsuniyoyin fatalwa da kurwa da yaro ya tashi yana ji. Mai shekara 19 yana iya shiga ɗakin fiɗa bai taɓa ganin fuskar mamaci ba, sai ga shi an miƙa masa aska.

Malaman fiƙihu sun duba wannan mas'ala. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka, a zamanta na 1987, ta halatta fiɗar gawa domin koyar da likitanci, bisa sharuɗɗa, daga ciki har da tsayawa ga gwargwadon larura, da binne sassan jikin bayan an gama. Amma halascin abu daban, natsuwar zuciya daban. Wasu ɗalibai sukan ƙaurace wa nama na ɗan lokaci, wasu barci ya gagare su, wasu kuma su ɓoye firgicinsu cikin raha da barkwanci. Bayan 'yan makonni galibi sukan saba. Harold Lief da Renée Fox, a rubutunsu na 1963, sun bayyana cewa abin da ake so likita ya koya shi ne kulawa tare da ɗan ja da baya, watau ya ji tausayi amma kada tausayin ya sa hannunsa rawa. Haɗarin shi ne a koyi ja da bayan a manta da kulawar.

Kunya ma tana shiga cikin wannan gwaji. Bahaushe yana sakaya ambaton wasu sassan jiki, ya ce gaba, ko mazauni, ko bayan gida, balle a gaban wanda ba jinsinsa ba. A aji kuwa saurayi da budurwa suna tsaye a teburi ɗaya, malami yana tambayarsu sunan kowane abu ɗaya bayan ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A nan baƙon harshe yakan zama mayafi, domin abin da baki ba zai iya furtawa da Hausa ba yana fita cikin sauƙi da Latin. Wannan sauƙi yana da amfani, amma bashi ne da za a biya daga baya, ranar da ɗalibin zai tsaya gaban dattijuwar da ba ta jin kowane harshe sai Hausa, ya tambaye ta abin da ya shafi haila ko fitsari ba tare da ya ci mutuncinta ba.

6.0 Yawan Karatu da Sauyin Manufa

Abu na uku shi ne ma'auni. Duk wanda ya sami gurbin likitanci, a makarantarsu ta sakandare yana cikin na gaba-gaba. Yanzu ga shi cikin aji wanda kowa zakara ne, dole wani ya zama na baya. Makin cin jarrabawa 50 ne cikin 100. Akwai jarrabawar aiki da ake jera tebura, a kan kowanne an ɗora ƙashi ko an soka tsinke a wata jijiya, ƙararrawa tana kaɗawa ɗalibi ya matsa gaba, ko ya gane ko bai gane ba. A ƙarshen kashi na farko kuma akwai babbar jarrabawa, wadda faɗuwa a cikinta take jawo sake zama, ko maimaita aji, ko barin tsangayar baki ɗaya.

Yadda wannan matsi yake sauya manufar ɗalibi ba a ƙasar Hausa kaɗai ake ganinsa ba. Howard Becker da Blanche Geer da Everett Hughes da Anselm Strauss sun zauna da ɗaliban likitanci na Jami'ar Kansas a Amurka, suka buga sakamakon bincikensu a 1961. Sun nuna cewa sababbin ɗalibai suna farawa da niyyar sanin komai, domin suna ganin kowane darasi wata rana zai ceci rai. Ba da daɗewa ba sai su gane cewa komai ba ya sanuwa. Daga nan sai su koma neman abin da malamai suke so a sani, watau abin da zai fito a jarrabawa. Duk wanda ya ga yadda ake farautar tsofaffin takardun jarrabawa, da yadda ake kwana a aji ana karatun dare, ya san wannan siffa ta dace da makarantu da yawa.

Matsin yana taɓa lafiyar ɗaliban kansu. Wani nazari da aka buga a mujallar JAMA a 2016, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe 43, ya sami alamun ciwon damuwa ga kimanin kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likitanci, kuma kimanin kashi 16 cikin 100 ne kaɗai na waɗanda abin ya shafa suka nemi magani. Ga ɗan Hausa akwai ƙarin shinge, domin an rene shi a kan dauriya da haƙuri, an kuma riga an naɗa masa rawanin likita a gida. Da wane baki zai gaya wa mahaifinsa cewa ya faɗi gwaji, ko cewa barci ya ƙaurace masa?

7.0 Hanyoyin Rage Tazarar

Makarantu da dama sun lura da wannan tazara, sun kuma gwada hanyoyin rage ta. A 1969 Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara koyarwa ta hanyar ba ƙananan ƙungiyoyin ɗalibai labarin majinyaci tun farko, su bi diddigin kimiyyar da ke ƙarƙashinsa. A Nijeriya an san Jami'ar Ilorin da tsarin tura ɗalibai cikin ƙauyuka tun a shekarun farko, su zauna da jama'a su ga yadda suke rayuwa. A ƙasar Tailan ɗalibai suna kiran gawar da suke koyo a kanta babban malami, suna kuma yi mata bikin girmamawa. Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana ƙoƙarin mayar da mutum cikin karatun da ya kusa zama na sassa kawai.

Akwai kuma gudummawar da masana harshe za su iya bayarwa. Sunayen cututtuka a bakin jama'a ba su yi daidai da na littafi ba. "Shawara" a gida sunan cuta ce, a asibiti kuwa alama ce da ke iya fitowa daga ciwon hanta, ko toshewar hanyar matsarmama, ko fashewar ƙwayoyin jini. "Sanyi" da "basir" kowanne buhu ne da ake zuba cututtuka iri-iri a ciki. Ɗalibin da ya shafe shekara biyu yana nesanta kansa da waɗannan kalmomi, zai dawo yana nemansu a aji 400, ranar da aka tsayar da shi bakin gadon majinyaci. Haɗin gwiwa tsakanin sassan nazarin harsunan Nijeriya da tsangayoyin likitanci zai iya samar da ƙamus na sassan jiki da siffofin ciwo, wanda za a tattaro daga bakin mahauta da wanzamai da maɗora da unguwarzoma, tare da nuna bambancin karin harshe tsakanin Kano da Sakkwato da Katsina da Damagaram. Za a kuma iya koya wa ɗalibai kalmomin sakaya da ladubban tambayar manya tun a shekarar farko, daidai lokacin da suke koyon sunayen Latin.

8.0 Kammalawa

An nuna cewa ɗalibin likitanci yana zuwa da tsammanin koyon warkarwa ta hanyar gani da taɓawa, kamar yadda al'adarsa ta san ana koyon magani, sai ya tarar da baƙon harshe, da gawa, da karatun da ya fi ƙarfin haddarsa. Tsarin yana da hujjarsa, kuma galibin ɗalibai suna tsallake shi. Abin lura shi ne kayan da ɗalibi yake ajiyewa a hanya don ya rage nauyi, watau kalmomin gida, da kunya, da girmama mamaci, da tausayin da ya kawo shi tun farko. Waɗannan duka zai bukace su a asibiti, domin majinyacin da zai zauna gabansa a Shika ko Kano ko Sakkwato zai ce ne jijiyarsa tana zogi, likitan kuwa dole ya gane wace ce daga cikin biyar ɗin, ya kuma mayar masa da bayani da harshen da zai fahimta.